Dutsen Taimamar da Ba Nawa Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi a labon kamfanin uraniyom na Arlit, wato ɗakin gwaje-gwaje, kuma kusan rabin aikina hana mutane ɗaukar dutse ne. Ni ne nake yawo da na'urar nan mai ƙyas-ƙyas in ta ji gubar uraniyom, in shiga unguwar Bukoki gida-gida, in tarar mace ta kafa murhu da duwatsun da ta tsinto a bayan ramin haƙa, in ce mata, "Baiwar Allah, dutsen da ba ki san asalinsa ba kada ki kai shi gida." Har suna suka sa mini, wai Lawali Kada-ki-ɗauka. Ku riƙe wannan a ranku, don in kun ji abin da na je na aikata a ƙarshen duniya ku yi mini dariyar da ta dace da ni.

Da kasuwar uraniyom ta faɗi aka shiga sallamar ma'aikata rukuni-rukuni, sunana ya fito a na uku. Aka karɓe makullin gidan kamfani, muka koma Bukokin nan da nake zuwa yi wa mutane wa'azi, ni da matata Baraka da 'ya'ya huɗu. Fari ya riga ya koro makiyaya cikin gari, ga tawaye ya tashi, hanyar Agadas ba a binta sai da rakiyar soja. Komawa Damagaram wurin dangi hannu rabbana kuwa, kunya ba za ta bar ni ba. A cikin wannan hali takardar Mushe Rene ta zo. Bafaranshe ne, tsohon shugabana a labo, ya koma haƙar ƙarfen nikel a wani tsibiri da ake kira Sabuwar Kaledoniya, ya ce akwai wuri, in zo.

A filin jirgin Paris na fara shan cuta. Wani baƙin fata ya ji ina tambayar hanya, ya gaishe ni da Hausa tatacciya, har da tambayar mutanen gida. Da ya ji inda za ni sai ya kama baki, ya ce can ƙanƙara ke zuba shekara duk, ya sayar mini da wani ƙaton kwat mai gashi. Da shi na sauka a Numeya, cikin wani zafi mai laima da ban taɓa jin irinsa ba. Har yau in na tuna mutumin ba kuɗina ke ba ni haushi ba, gaisuwar ce.

Mushe Rene ma bai yi abin kirki ba. Wurin da ya kira ni dominsa ya riga ya ba ƙanin matarsa. Wata biyu ina wanke masa mota ina ba furanni ruwa, yana ce mini gobe, jibi. A ƙasar nan yamma ake kalla a yi salla, doya ce tuwo, ba wanda ya san fura. Kewar gida ta kama ni har na rame. Da ya gaji da ganina sai ya miƙa ni ga wata Bafaranshiya, Madam Elen, mai binciken teku, wadda ke neman wanda ya iya auna ƙasa. Ta duba hannuna a kan sikeli sau ɗaya ta ɗauke ni. Takardar zamana a ƙasar ta koma ƙarƙashin sunan aikinta: ranar da aikin ya ƙare, ranar zan hau jirgi.

Aikin a arewa yake, a wani ƙauyen Kanak, wato 'yan asalin ƙasar. In aka yi ruwa, jar ƙasar da ake tonowa a kan duwatsu sai ta gangaro cikin teku ta kwanta a kan murjani. Ni da na san murjani a wuyan mata kawai, a nan na ji wai abu ne mai rai, yana girma, kifi na haihuwa a cikinsa, laka kuma na shaƙe shi. Madam tana nutsewa ta kafa bututu a ƙarƙashin ruwa, bayan kwanaki ta ciro, ni kuma in busar da lakar da ta taru, in tankaɗe, in auna. Mutanen ƙauyen suna son takardar da za ta fito daga awon, don su sami abin nunawa masu haƙa. Amma ba su yarda da Turawa ba ko kaɗan. Ba a daɗe da zubar da jini tsakaninsu da jandarmomi ba, kuma a hanya mun wuce gidajen da aka ƙone ba a sake ginawa ba.

Wanda ya tsaya mana shi ne Marsel, mai tuƙa jirgin ruwanmu, wani ƙaton mutum mai gemu wanda ba ya son magana. Ranar da muka isa ya kai mu gaban kawunsa, tsohon da ke riƙe da al'amarin teku na zuri'arsu. A can ba a shiga wuri sai an ajiye wa masu shi ƙyallen zane da taba, an faɗi ko wane ne kai da abin da ya kawo ka. Madam ta ajiye, ta yi bayani. Kawu ya daɗe bai taɓa zanen ba, sannan ya dubi Marsel ya ce, "Kai ka kawo su. Ƙafarsu ƙafarka ce, hannunsu hannunka ne." Muna fita Madam ta ce mana, ni da sauran ma'aikata biyu, duk wanda ya taɓa ko ganye ba da izini ba, jirgin sama na gaba ne nasa.

A gidan Marsel aka sauke ni. Matarsa Rozin, da ta gane ba na cin alade, ta sayo sabuwar tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce tawa ce. In ta ga na yi shiru sai ta turo mini doya da kifi a ganyen ayaba ta ce, "Ci, ɗan'uwa, matarka ba za ta gode mini ba in na mayar mata da ƙashi." Tun da na bar Arlit ban sami wanda ya kula da cikina ba sai ita.

Matsalata ɗaya ce, alwala. Mukan yi kwana uku ko huɗu a kan ruwa, ruwan sha kuma da ma'auni ake raba shi. Ni kuwa tun ina yaro na riƙe cewa ruwan da ɗanɗanonsa ya sauya ba ya alwala, ga shi na teku gishiri ne tsantsa. Sai in riƙa yin alwala da rabona in kwana da ƙishi. A gida kowane matafiyi yana da ɗan dutsen taimama a jaka, nawa na bar shi a Bukoki.

Akwai wani ƙaramin tsibiri da zuri'ar Marsel suka rufe shekaru da yawa, ba a su a kewayensa, don kifi ya samu ya hayayyafa. Madam tana son wurin kamar me, ta ce ba ta taɓa ganin kifi ya cika wuri haka ba. An yarda mu tsaya a bakin rairayinsa mu ci abinci kawai. Wata rana da azahar na ɗan zagaya neman inda zan yi salla ba a kallona. Na ga wata sanda da aka ɗaura wa ciyawa a kai ta faɗi ƙasa, na tsallake ta ban kawo komai a raina ba, ashe alamar hani ce. A gindin wata bishiya, cikin wani ƙaton ɓawon katantanwar ruwa, sai ga dutse baƙi, sumul, dogo, daidai tafin hannu. Duk tsibirin babu irinsa, sauran masu kaifi ne kamar wuƙa. Na ce Allah ya kawo mini sauƙi, teku ce ta jefo shi. Na yi taimama, na yi salla, na jefa shi aljihu. Ni, Lawali Kada-ki-ɗauka.

Mako uku ina amfani da shi hankali kwance.

Ran nan da hantsi muna sauke kaya a bakin ruwa sai muka ga kwalekwalen Kawu ya dawo daga tsibirin, tsohon yana tsaye a ciki. Ya sauka ya wuce gida. Kafin azahar samari sun sare bishiya sun tare hanyar fita ƙauyen, sun jawo jirginmu kan tudu sun cire masa inji. Wasu riƙe da adda. Aka tara mu a fili, Kawu ya ce lokacin zuwan kifin shekara ya gabato, ya je wanke dutsen kakanninsa da ake kiran kifin da shi, ya tarar da mazauninsa wayam. Ya kwatanta shi da hannu: baƙi, sumul, dogo, daidai tafi.

Dutsen yana cikin jakata, a ɗakin Marsel, naɗe cikin dardumata.

Suka zazzage akwatunan Madam ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya tana kallo fuskarta fara fat. Suka bincike sauran biyun har takalma. Da aka zo kaina sai wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar wannan. Baƙi ne irinmu, kuma mai tsoron Allah ne, kullum goshinsa a ƙasa." Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da ba a samu ba, sai magana ta koma kan Marsel. Wai shi ya sayar wa Baturiya, an riga an aika da shi Faransa a sa a gilashi. Dattawa suka ba shi mako ɗaya. In dutsen bai fito ba zai bar ƙauyen, shi da iyalinsa, ya bar gonar doyarsa da kabarin ubansa. A wurinsu wanda aka raba da ƙasarsa ba mutum ba ne kuma. Mutane suka daina gaishe shi. Rozin ta je rafi mata suka tashi suka bar mata wurin.

Kwana biyar na yi da dutsen nan, kuma ba zan yi wa kaina ado ba, ba tunanin gaskiya nake ba, tunanin kuɓuta nake. Na ce in jefa shi teku, sai na ga ai Marsel ne zai tafi. Na ce in mayar da shi a ɓoye, ga jirgi ba inji, ni kuma ko a kududdufi ban iya iyo ba. Na ce in yar da shi a hanya a tsinta, sai na ga za a ce Marsel ne tsoro ya kama shi ya fito da shi. A kwana na uku wasiƙar Baraka ta iso ta hannun mai kawo burodi, wata biyu tana hanya. Ta ce an kai hari kusa da Gugaram, motocin hatsi sun daina zuwa, sau ɗaya suke ɗora tukunya, ƙaramarmu ta sha kyanda amma ta tashi. A ƙarshe ta ce, "Malam, don Allah ko me ake maka ka daure. Kada ka dawo yanzu, babu komai a nan." Na karanta na ce to, ga hujjata, ni ma ina da 'ya'ya.

Duk kwanakin nan Rozin ba ta fasa dafa mini a tukunyata mai jan zare ba. A rana ta biyar na fito da safe na tarar tana ɗaure kwanuka cikin zane, ta fara shirin tashi. Ta ɗaga tukunyar ta ce, "Wannan ka riƙe, ɗan'uwa. Inda za ka zauna bayanmu ba lalle su san ba ka cin alade ba."

Na koma ɗaki na ɗauko dardumar, na bi Marsel gona. Yana durƙushe yana gyara kunyar doyar da ba shi zai ci ba. Na warware dardumar a gabansa.

Ya daɗe yana kallon dutsen. Ya miƙe tsaye, adda na hannunsa, na ga jijiyar wuyansa tana motsi. Wallahi na sadaƙar.

"Tun yaushe?"

"Mako uku kafin a nema."

"Kwana biyar ɗin nan fa? Kana cin abincin matata?"

"Ina ci."

Ya juya ya sari kututturen ayaba, sara ɗaya ya faɗi. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Rufe shi. Ni ba ni da ikon taɓa shi, ko kallonsa ma bai kamata in yi ba. Kana da zane?"

Ba ni da zane. Abin da nake da shi rawanin mahaifina ne, baƙi mai shuni, wanda na zo da shi ban taɓa naɗawa ba. Taba kuwa ba na sha, sai na haɗa da ganyen shayi da sukarin da na yi guzuri. Kafin mu je na faɗa wa Madam. Ba ta yi faɗa ba, ta zauna a kan akwati ta ce, "Lawali, ka san abin da na faɗa, kuma a gabansu na faɗa." Na ce na sani.

Duk ƙauyen ya taru. Na ajiye rawani da shayi a kan tabarma, na ajiye dardumar a gefe, na faɗi sunana da na ubana da garinmu, na ce ni na ɗauka, Marsel bai sani ba, Madam ba ta sani ba. Wuri ya ɗauki hayaniya. Saurayin nan da ya hana a bincike ni ya matso har ina jin numfashinsa, sai da wani dattijo ya riƙe shi. Kawu ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Nawa aka ce za a ba ka?"

"Baba, ba sayarwa na yi niyya ba."

"To me ka yi da shi?"

Bayani ya gagare ni, sai na nuna a kan tabarma: na buga tafuna, na shafi fuska, na shafi hannuwa. Na ce a ƙasarmu ruwa yakan yi wuya, in mutum zai tsaya gaban Ubangijinsa bai sami ruwa ba, da dutse mai tsarki yake wanka.

Kawu ya dubi teku, ga ta nan shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ya dawo ya dube ni.

"Ba ka sami ruwa ba," in ji shi.

Wata tsohuwa ta fashe da dariya, ta toshe baki. Ban da ita ba wanda ya yi. Kawu ya sa hannu ya taɓa rawanin, shunin ya kama masa yatsa, ya duba. Ya ce, "Ba ka sayar ba, ba ka sa shi a gilashi ba, na ji. Amma ka tsallake sanda, kuma ka bar ɗan 'yar'uwata kwana biyar a bakin mutane. Hannun da ya ɗauke shi shi zai mayar. Jirgi ba zai taɓa tsibirin ba sai dutsen ya koma. Daga bakin murjani da ƙafa za ka shiga."

Washegari da ruwa ya janye aka mayar wa jirgi injinsa. Marsel ya tuƙa, Kawu na gaba. Suka tsaya nesa da rairayin kamar tsawon filin ƙwallo biyu. A mashigin nan ne babban kifin nan mai haƙora yake zama, wanda suke cewa kakansu ne, shi ke gadin wurin. Na sha ganin bayansa daga cikin jirgi, ya fi ni tsawo.

Na ɗora dutsen a ka, na riƙe da hannu biyu, na sauka. Ruwan ya kawo mini ƙirji. Ƙasan ba daidai yake ba, murjani na yankar ƙafata, igiyar ruwa na tura ni gefe. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Wajen tsakiya na taka rami, ruwa ya rufe ni, na sha gishiri, na taso ina tari, amma ban saki dutsen ba. A nan na ga inuwar. Ta taho daga hagu a hankali, ta wuce gabana, ta karkato ta zagaya bayana. Na tsaya cak. Ga jini na fita daga tafin ƙafata, na kuwa ji Madam ta taɓa cewa jini suke bi.

Sai na ji muryar Marsel daga baya, karo na farko tun gona. "Kada ka gudu! Kada ka waiwaya! Taka, ɗan'uwa, taka a hankali!"

Na taka. Ban san sau nawa ya faɗa ba, da muryarsa na riƙa auna sawuna har ruwan ya dawo cinya, ya dawo gwiwa. Na tsallake rairayi, na tsaya a bakin sandar da aka sake kafawa, na waiwayi Kawu. Ya ɗaga hannu. Na shiga na ajiye dutsen a mazauninsa, na fito da baya. Sannan jirgi ya matso ya ɗauke ni, Kawu ya tauna wani ganye ya manna mini a ƙafa.

An janye bishiyar daga hanya. Madam ta ci gaba da aikinta, amma ba da ni ba. Ta ce in ta bar ni, maganarta ba za ta sake yin nauyi a ƙauyen ba, kuma gaskiyarta ne, ko da yake a lokacin na ji zafinta ƙwarai. Ranar tafiyata Rozin ta kwance kwanukanta ta mayar kan kanta. Marsel ya raka ni bakin mota shi da Kawu, ya ciro wani ɗan dutse ruwan toka daga aljihu. Ya ce daga rafin bayan gonarsa ya ɗauko, ba na kakan kowa ba ne, ya tambayi Kawu ya yarda. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Wata bakwai da barina gida na shigo Arlit a bayan kamyo, babbar motar kaya, cikin rakiyar soja, da kwat mai gashi da tukunya mai jan zare. Baraka ta saurari labarin har ƙarshe, ta ce, "Yanzu saboda dutse?" Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ban ga laifinta ba, ita ta san yadda ta riƙe gidan.

Ranar Juma'a na tsaya wurin limamin unguwarmu, wani tsohon Buzu da bai taɓa ganin ko kogi ba, na tambaye shi hukuncin alwala da ruwan teku. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Lawali, ai ruwan teku mai tsarki ne. Gishirinsa halittarsa ce, ba sauyi ba ne. Wa ya ce maka ba ya alwala?"

Na zauna a bakin masallaci na yi ta dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma ba dariya ba ce. Da la'asar ta yi na koma gida na tarar famfon Bukoki ya ƙafe tun safe, randa kuma saura na shan yara. Na buɗe jaka na ɗauko dutsen Marsel. Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, a ina ka tsinto wannan?"

Na ce, "Ba tsinta na yi ba. Ba ni aka yi."